Hancin Mai Tukunya

Idan aka tambaye ni inda nake aiki, nakan ce ɗakin awo, in ja bakina in yi shiru. Mai hankali yakan bar ni a nan. Mai bin diddigi kuwa sai ya ce awon me, ni kuma in zayyana masa dalla-dalla har ya ture kwanon abincinsa gefe. Duk abin da mutanen gari suka kora a bayan gida, da wanda suka zubar a wurin wanke-wanke, wurinmu yake ƙarewa. Mu tace ruwan mu sake shi, lakar da ta kwanta a ƙasa kuma mu tura ta cikin wani ƙaton tanki na siminti, rufaffe ruf, mai tsayin bene hawa uku. Shi muke ce wa tukunya. A cikinta akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, suna cin lakar suna fitar da gas. Gas ɗin shi ke tada injin da ke ba mu wuta, rarar kuma a ƙone ta a bakin wani dogon bututu. Ban taɓa jin kunyar aikin ba, na dai gaji da kallon yadda mutane ke yi da fuska.

Tun ranar da aka zuba wa tukunyar lakar farko, shekara ashirin da uku ke nan, mutum ɗaya ke kula da ita. Baba Mai Tukunya muke ce masa. Gajere ne kakkaura, kafaɗarsa ta dama ta ɗan fi ta hagu sauka saboda ɗaukar bokiti. Ba ya cewa an zuba laka, sai dai an ba ta abinci. Halittun nan kuwa mutanen ciki yake kiransu, kuma yana maganarsu kamar surukansa: ba sa son gaggawa, ba sa son sanyi, in ka canza musu abinci ba ka sanar da su ba za su yi fushi. Da bayan hannu yake taɓa bututun ɗumi, yadda uwa ke taɓa goshin ɗanta.

Amma abin da ya yi suna da shi hancinsa ne. Kullum da safe zai buɗe ƙaramin famfo ya tari baƙar laka a ludayi, ya kai hanci, ya lumshe ido, sannan ya faɗi yadda tukunya ta kwana. Lokacin da na zo, shekara shida da suka wuce, da takardar shaidata da farar rigata, na ce a gaban kowa hanci ba na'ura ba ne. Bayan kamar wata guda ya leƙo ɗakin awo ya ce, “Likita, jibi za ta fara tsami, a rage mata abinci.” Na duba na'urata ta ce lafiya lau. Jibin na zuwa tsami ya hau, kamar sun yi shawara. Haushi ya sa na kwana biyu ina gaishe shi a tsaitsaye. Daga baya muka shirya. In yana tsokana ya ce Likita, in magana ta gaskiya ce ya ce 'yata.

Ban da lakar gari, kamfanoni suna kawo mana ruwan da suka gama aiki da shi a tankoki. Wanda tukunya ta fi so shi ne na kamfanin madara. In ta sha shi, gas har ya yi mana yawa. A takarda, doka ta ce kowace tanka ta tsaya a ɗebi samfuri, ta jira minti arba'in sai na gama awo. A aikace kuwa Baba ne zai hau tankar, ya buɗe murfi, ya shaƙa, ya bugi jikinta sau biyu da tafin hannu, direba ya ja baya ya sauke. Ni kuma in auna nawa daga baya in cike takarda. Injiniyoyi uku suka zo suka tafi a kan haka, babu wanda ya ga abin gyarawa. Ni ma ba zan wanke kaina ba, tsarin ya yi mini daɗi.

A farkon shekarar nan Baba ya yi wani zazzaɓi mai haɗe da mura, ya kwanta sati biyu. Shi ne hutu mafi tsawo da aka taɓa sani ya yi. Ya dawo ya ɗan rame, ya ci gaba da aikinsa. Sai dai na lura da wani sauyi. Da can shi ke fara faɗin nasa, sannan ya tsaya yana murmushi yana jiran na'urata ta biyo shi. Yanzu kuwa sai ya shigo ya ce, “To Likita, me awonki ya ce yau?” In na faɗa ya gyaɗa kai ya ce haka shi ma ya ji. Wautata ta kai har na ji daɗi, na ce a raina tsoho ya fara ganin girman boko.

Wata rana da hantsi ina wucewa ta ɗakin famfuna na ji ƙaurin roba tun daga bakin ƙofa. Na shiga da sauri. Bel ɗin wani injin ne ke cin kansa, har ya fara hayaƙi, Baba kuma yana zaune taku uku daga wurin, ya ba shi baya, yana shan shayinsa hankali kwance. Na yi masa magana ya zabura ya kashe injin. Ya ce tunani ne ya ɗauke shi. Na ce to. Na koma ɗakina da wani abu a raina wanda ban so in kalla ba, don haka ban kalle shi ba.

Ranar wata Laraba tankar madara ta shigo wajen ƙarfe goma. Direbanta Rediyo muke ce masa, don tun daga ƙofa yake fara labari, kuma in ka tafi ka dawo za ka tarar bai kai tsakiya ba. Mutum ne mai son mutane, kowa yana sonsa. Na fito da kwalbar samfuri, Baba kuma ya riga ya hau. Yana ɗaga murfin iska ta kaɗo ta wajena. Ba warin madara mai tsami da na saba ji ba ne. Warin asibiti ne, irin na ruwan da ake goge daɓe da shi, mai kama maƙogwaro. Irin wannan ruwan an yi shi ne don ya kashe ƙananan halittu, kuma ba ya tambayar ko na cuta ne ko mutanen ciki.

Na ɗaga kai. Baba ya sunkuya a bakin murfin, ya ja numfashi mai tsawo, ya lumshe ido yadda ya saba. Ya buɗe murfin baya ya yi haka, sannan ya bugi tankar sau biyu.

Ma'aikata huɗu suna tsaye a wurin. Rediyo yana cewa, “Kun ga hancin nan? Wallahi da nawa ne da tuni na sa masa inshora.” Kowa ya yi dariya, Baba ya sauko yana murmushi yana goge hannu a wando. Abin da ya kamata in ce gajere ne: Baba, a dakata. Amma in na faɗa, dole a tambayi dalili, kuma dalilin yana nan a iska, kowa zai juya ya shaƙa ya kalli tsoho. Sauran sun tsaya ta inda iska ba ta bi, ni kaɗai na ji. Na gyara fuskata, na ɗebi samfuri, na ce wa kaina bari in tabbatar tukuna. Awona minti arba'in yake ci. Sauke tanka minti ashirin da biyar ne. Na san wannan lissafin sarai lokacin da nake tafiya ɗakin awo.

Sakamako ya fito kamar yadda hancina ya faɗa. Na jawo samfuran tankar madara na Litinin da Talata da ke cikin firij, waɗanda na ajiye sai na sami sarari, na auna su. Su ma haka. Tanka uku ke nan suka shiga cikin tukunya.

Na same shi a bayan tukunya, wurin bututun ɗumi, inda ba kowa ke bi ba.

“Baba, tun yaushe?”

“Tun yaushe me?”

“Ruwan da ka wuce da shi ɗazu, maganin wanke bututu ne a ciki. Daga inda nake tsaye na ji shi. Na Litinin da na jiya ma haka suke.”

Fuskarsa ta haɗe. Ya ce ni da na zo jiya ce zan koya masa ruwan madara? Ya ce tun ina goye yake wannan aikin. Na bar shi ya yi ta yi. Da faɗan ya ƙare sai ya zauna a kan dandamalin siminti, ya cire hularsa ya riƙe.

“Tun zazzaɓin nan,” ya ce. “Wata biyar. Ba wari, ba ƙamshi. Abinci ma kamar ina tauna katifa.”

“Ka je asibiti?”

“Na je. Sun ce yana iya dawowa, yana iya ƙi.” Ya juya hular a hannunsa. “Da ido nake yi, 'yata. In duba launi, in duba kauri. Sannan in kalli fuskarki. Ke ba ki iya ɓoye wari ba, hancinki yakan motsa. In ya motsa na san akwai magana, sai in ce a dakata. Yau da na sauko na dube ki, na ga fuskarki lafiya lau.”

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba. Na gyara fuska don in rufa masa asiri, ashe ita ce kaɗai abin da ya rage masa.

Na san abin da yake tsoro tun kafin ya faɗa. A wurinmu wanda ba ya jin wari ba ya hawa tukunya, ba ya shiga ramin famfo. Ba mugunta ba ce. Akwai wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da kan tsiyayo, in ta yi yawa tana kayar da mutum, kuma hanci ne ke fara ba ka labari. In Injiniya, shugaban wurin, ya sani, to Baba ya gama da tukunya, sai dai a ba shi kujera a sito.

“Wata goma sha huɗu suka rage mini in ajiye aiki,” ya ce. “Ki bar ni in ƙarasa su a kanta. Ban taɓa roƙonki komai ba.”

Gaskiya ne, bai taɓa ba. Na ce na ji, amma da sharaɗi biyu. Daga yau babu tankar da za ta sauke sai na gama awo. Sannan ƙaramar na'urar nan mai ƙara in ta ji gas, wadda ya jefa a durowa tun shekarar da aka raba ta yana cewa abin wasan yara ce, zai rataya ta a ƙirji ko bayan gida za shi. Ya ce ya yarda. Muka ce wa ma'aikata umarni ne daga sama. Kashegari na mayar da Rediyo da kayansa, na ce ya gaya musu su duba abin da suke zubawa. Ya tafi yana mita.

Kwana biyu tukunya ba ta nuna komai ba, har na fara sa rai mun tsira. A na uku tsami ya fara hawa. A na biyar wutar bakin bututu, wadda da rana ma da ƙyar ake ganinta don tsabar kyau, ta fara tsalle tana mutuwa ana sake kunna ta. Injin ya yi ta tari, ya ɗauke, ya dawo, daga ƙarshe ya tsaya cak. Wurin ya yi wani irin shiru da ban taɓa ji ba a shekara shida. Sai kumfa ta taso, ruwan toka mai kauri, tana fitowa ta bakin bawul ɗin sama, mafitar gas, tana gangarowa jikin siminti. Warin kuwa ba a magana. Masu shagunan da ke tsallaken titi, waɗanda suka daɗe da daina lura da mu, suka aiko a tambaya ko wani abu ya mutu.

Baba ne kaɗai ke yawo a ciki ba ya ko yamutsa fuska, ma'aikata suna cewa kai, tsoho akwai juriya. Ya tsayar da ba wa tukunya abinci gaba ɗaya. Ya sa aka kawo buhunan soda mai rage tsami, yana damawa a durom yana ba ta kaɗan-kaɗan kamar mai jinya. Yana isowa kafin kowa, yana tashi bayan kowa. Sau ɗaya na iske shi ya dafa jikin tukunyar yana magana ƙasa-ƙasa. Da na matso na ji yana cewa, “Ku yi haƙuri. Ni na ba ku, ban sani ba ne.” Na koma da baya a hankali don kada ya gan ni.

Matarsa ta kira ni a waya a rana ta bakwai. Mama nake ce mata, takan aiko mini da kaya in ta je ganin danginta. Ta ce, “'Yata, me ke damun babanku? Ba ya ci, ba ya magana. Na tambaye shi ya ce kishiyata ce ba lafiya.” Haka take kiran tukunyar tun da can, tana dariya. Wannan karon ba ta yi dariya ba. Na gane ita ma bai gaya mata ba. Na ce aiki ne ya yi yawa, Mama, zai wuce.

A rana ta tara Injiniya ya kira mu ofishinsa. Mutum ne mai sanyin magana, shekararsa biyu da mu, ba ya son hayaniya amma yana son takarda ta cika. Daga sama an matsa masa lamba a kan dalilin da ya sa inji ya tsaya. Na kai masa sakamakon awo, ba yadda zan ɓoye wannan. Ya riga ya yi magana da kamfanin madara, sun amsa cewa sun canza maganin wanke bututunsu a satin, amma sun ce ruwan wankin rami daban yake shiga, in har ya iso wurinmu to direba ne ya ɗebo inda bai kamata ba. Don haka aka kira Rediyo.

Ban taɓa ganin Rediyo ya yi shiru ba sai ranar. Ya zauna a bakin kujera, makullin motarsa a hannu, ya yi tsuru-tsuru.

“Ranka ya daɗe, inda aka nuna mini nan na sa mesa,” ya ce. “Rami ɗaya nake ɗiba shekara huɗu. Kuma ai Baba ya duba. Duk ukun ya duba, ya buga mota, sannan na sauke.”

“Abin da ya ɗaure mini kai ke nan,” in ji Injiniya. Ya cire tabarau ya murza ido. “Wannan maganin, ko ni da ba gwani ba zan ji shi. Baba kuwa ba a wuce hancinsa da irin wannan, kowa ya sani. Tankarka gida biyu ce, ko ba haka ba?”

“Biyu ce.”

“To ni abin da nake gani, gidan gaba ka cika da ruwa mai kyau, shi ka buɗe masa ya duba. Na baya kuma ka sauke mana abin da aka ce ka kai wani wuri. Ban ce ka yi don mugunta ba, wataƙila hanya ka rage wa kanka. Amma zan rubuta wa kamfaninku, kuma ba za ka sake shigowa ƙofar nan ba.”

Rediyo ya juya ya dubi Baba, ba da zargi ba, yadda mutum ke duban babba ya cece shi. “Baba, ka san ni. Baba, ka gaya masa.” Ya san, mu ma mun sani, in takardar nan ta tafi aikinsa ya tafi.

Na dubi Baba. Idonsa yana kan tebur. Na'urar gas tana rataye a ƙirjinsa, ƙaramar fitilarta tana ƙiftawa. Na ga ba zan iya barin a yanka Rediyo ba, kuma na yi wa tsoho alkawari, don haka na nemi hanya ta uku.

“Injiniya, laifina ne,” na ce. “Doka ta ce a jira awo, ni kuma ban tsayar da su ba. Samfurin Litinin sai Laraba na auna shi. In akwai wanda za a rubuta, ni ce.”

“Wannan za mu zo kansa,” ya ce, bai ko ɗago ba. “Amma bai amsa mini yadda ruwan ya wuce Baba ba.”

“Bai wuce ni ba,” in ji Baba.

Muka juya gaba ɗaya. Ya ɗora hannuwansa biyu a kan gwiwa, ya miƙe zaune.

“Gida biyun duk na buɗe, kamar kullum. Yaron nan bai ɓoye komai ba. Na sa hancina a kai, ban ji ba. Wata biyar ke nan ba na jin warin komai, tun ciwon da na yi. Na ɓoye. 'Yar nan ta gano ni, na roƙe ta ta yi shiru, kunyata ta ji. Kada a taɓa ta, kada a taɓa shi.” Ya juya wajen Rediyo. “Ka yafe mini. Tun da ka fara magana ya kamata in tare ka, na tsaya ina jin tsoro.”

Rediyo ya ce, “Haba Baba,” sai ya sunkuyar da kai yana kallon makullinsa.

Injiniya ya mayar da tabarau, ya sake cirewa. Na ga abin ya taɓa shi, don shi ma da hancin nan yake taƙama in baƙi sun zo ziyara.

“Wata biyar kana hawa sama, kana shiga rami,” ya ce a hankali. “Da ka faɗi a can fa, Baba? Me zan ce wa iyalinka?”

“Na yi kuskure.”

“Ka san abin da doka ta ce.”

“Ni na koya wa wanda ya rubuta ta.” Ya ɗan yi murmushi, murmushin bai zauna ba. “Abu ɗaya nake roƙo. Kada a kai ni sito yanzu. A bar ni kusa da ita har ta warke. Ba wanda ya san yadda take karɓar abinci bayan ciwo sai ni. In an yi mata gaggawa za ta mutu gaba ɗaya, sai an kwashe ta an sake sabon zubi.”

Injiniya ya dube ni, na gyaɗa kai. Ya ce ya yarda, amma daga ƙasa. Ba hawa, ba rami, ba ɗakin famfuna shi kaɗai. Ya ce da ni kuma mu haɗu gobe a kan maganar samfuri, kuma na san ba shayi zai ba ni ba. Baba ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin ƙofar sama, wanda ke ɗaure da wata tsohuwar igiyar takalmi, ya ajiye a kan tebur. Injiniya ya turo mini shi.

Muka fito tare, ni da Baba. Rana ta take, kumfa ta bushe a jikin tukunya ta yi sawu-sawu. Rediyo ya wuce mu ya hau motarsa, ya ɗaga wa Baba hannu, ya ja ya tafi. Muka taka har gindin tsanin da ke hawa saman tukunya. Baba ya tsaya a nan. Na ce masa ya kamata ya gaya wa Mama.

“Yau zan gaya mata.” Ya juyo ya dube ni. “Kin san ranar da na tabbatar? Ba a nan ba ne. A nan na yi ta ce wa kaina mura ce ba ta gama sakina ba. Autata ce ta haihu, wata uku da suka wuce. Na je asibiti aka miƙo mini jaririyar. Duk 'ya'yana da jikokina, abin da nake fara yi ke nan, in sa hancina a tsakiyar kansu. Na sa. Uwarta tana kallona tana murmushi, tana jira in ce wani abu. Na ce mata ƙamshinta irin naki ne sak ranar da aka haife ki. Ta ji daɗi.”

Idona ya cika. Na juya ina gyara safar hannuna, wadda ba abin da ya same ta.

Ya ɗaga kai ya dubi sama, inda bawul ɗin yake. “Kumfar nan tana so a duba ta kafin a ƙara soda. Ki hau. In kin buɗe tagar gilashin, ki duba ko ta sauka ƙasa da jan layi, ki kuma duba ko ƙwayoyinta manya ne ko ƙanana. Kada ki tsaya ta inda iska ke zuwa.” Ya cire na'urar daga wuyansa ya rataya mini, ko da yake ina da tawa a aljihu. “Hau, 'yata. Zan riƙe miki tsanin.”

Tsanin na ƙarfe ne, an kafe shi cikin siminti tun ranar da aka gina wurin, ko mutum goma ba za su girgiza shi ba. Na fara hawa. Da na kai rabi na leƙo ƙasa, na gan shi ya kama shi da hannu biyu, ya tokare ƙafa ɗaya a matakin farko, yana kallon takalmana. Ban ce masa ya saki ba.